Rigar Mai Kalangu

Ku da kuka zo koyon aikin nan a wurina, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya muna shan shayi. Wai sa wa mutum-mutumi riga ko yaron butik, mai jiran kantin tufafi, yana yi: ka zura wuya, ka ja hannu, ka gyara aljihu, shi ke nan. Ban tanka ba, don ni a cikin taro bakina rawa yake yi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Lekol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku gyara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku taɓa rigar kowa.

Yaron butik sabuwar riga yake sa wa manike, wato mutum-mutumin kanti, riga da ba ta san jikin kowa ba. Mu kuwa abin da ake kawo mana a nuna wa jama'a, riga ce da wani ya daɗe yana sawa, ya yi gumi a cikinta, ya je suna da jana'iza da ita, sannan ya mutu ya bar ta. Ba aiki ɗaya ba ne.

Ɗurin katifa ne ya kawo ni wannan sana'a. Ina saurayi a unguwar Boukoki, nan Yamai, ina cusa audugar rimi a katifa da matashin kai a bakin titi, sai wani dogon Bazabarme ya zo sayen auduga. Ya tsaya yana kallon hannuna har na tsargu, na ɗauka wani abu na ɓata. Ya danna matashin da na gama, ya ce, "Kai ba ka barin ƙulli. Gobe ka same ni a gidan tarihi." Wannan shi ne Baba Hamani, wanda ya koya mini duk abin da na sani. Hausarsa ta kasuwa ce, kuma in na yi gaggawa ba ya faɗa, sai dai ya ce da Zabarmanci, "Kala suuru," wato sai haƙuri.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Waya mai kauri ta ƙashin jiki, wadda sai da pensi, wato filaya, da gwiwa take lanƙwasuwa. Waya siririya ta ɗauri. Farin akoko da aka wanke har ƙamshin kanti ya fita, don kada ya ɓata riga daga ciki. Audugar rimi, ba ta gona ba, saboda ta gona tana shan raɓa ta dunƙule. Basilla, almakashi, buroshi mai laushi, da sandar ɗuri. Sandar da nake aiki da ita har yau ta Baba Hamani ce, kuma ba na ba da aronta, kada ku tambaya. A gurbin kai kuwa duma muke sawa mu rufe da akoko, babu ido babu baki. Baba Hamani bai taɓa yin fuska ba, ni ma ban taɓa ba, kuma ba zan koya muku ba.

Riga ta farko da ya bar mini ni kaɗai, ta wani tsohon alƙali ce, fara, mai aska a ƙirji. Na ɗaura ƙashin, na fara ɗuri, sai na ga aikin yana tafiya da kansa. Inda rigar ta buɗe na cika, inda ta kwanta na bi ta. Kafin azahar abu ya tsaya kyakkyawa, har na ja baya ina kallo. Baba Hamani ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa, bai ƙaraso ba.

Ya ce, "Wane ne wannan mutum?"

Na ce, "Wane mutum, Baba? Riga ce."

Ya ce, "Da safe riga ce. Dubi cikinsa. Dubi yadda ya karkata kamar ƙafarsa ɗaya tana ciwo. In ɗansa ya shigo nan ranar Lahadi da yaransa, me za ka ce masa?"

Ya sa hannu ya zare audugar duka. Sannan ya shimfiɗa rigar a kan tebur ya nuna mini. Rigar da aka daɗe ana sawa tana riƙe da jikin mai ita. Inda cikinsa ya tura, zaren ya miƙe. Inda yake jingina, ta koɗe. Kafaɗar da ya fi saukewa, can ne ɗinki ya ja. In ka bi waɗannan alamu da auduga, mutumin ne zai dawo ya tsaya. Don haka mu saɓa musu muke yi. Inda take neman cika, ka bar ta da ɗan yunwa. Inda take neman sauka, ka ɗaga. Riga muke nunawa, ba mai riga ba. Tun daga ranar ba na fara ɗuri sai na shimfiɗa riga na karance ta, kuma in na gama nakan koma in duba, in fita, in sake dawowa in duba. Matata ta ce ko ƙofar gida haka nake yi mata.

Mummunar shekara ta same ni bayan Baba Hamani ya rasu, lokacin na bar gidan tarihi ina aikin kaina. Waɗansu mutane suka yi hayar wani babban zaure a cikin gari don nuni na ƴan watanni, na tufafin mutanen Yamai na dā. Shugabar aikin wata mata ce daga unguwar Koira Kano, Madam Rakiya. Mutuniyar kirki ce, tana gaida ƙanana, kuma da gaske take son rigunan. Ita ta bi gida gida tana roƙon aro, ni kuma ina bin ta da akwati da akoko.

A Boukoki muka sami rigar da ta fi duka. Gidan ba shi da nisa da nawa, kuma na san matar tun ina yaro. Inna Biba, tsohuwa ƙarama mai kaifin baki, matar marigayi Nomau, makaɗin mahautan kasuwar Petit Marché. Ta fito da rigar daga ƙarƙashin gado. Babbar riga ce ta saƙi, rinin baba, an buge ta har tana ɗaukar ido, wadda yake sawa ranar bikin mahauta. Da na shimfiɗa ta a tabarma, ban taɓa ganin riga mai magana irinta ba. A kafaɗar hagu akwai layi fari inda igiyar kalangu ta ci rinin. A ƙarƙashin hammatar hagu maho a kan maho, inda gangar take goga in yana matsa ta. Wuyan ma ya ja wajen hagu, alamar mutum mai karkata kai yana sauraron kiɗansa.

Madam Rakiya tana ta bayani a kan gilashi da asurans, wato inshora, Inna Biba ba ta ko kalle ta ba. Ni ta kalla.

Ta ce, "Kai ne ɗan Hajo mai katifa ko? Kai ka sa musu auduga?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To ji nan. Riga na ba ku aro, ban ba ku mutum ba. Na sha wuya kafin maigidan nan ya kwanta. Bayan ya rasu, shekaru na yi ina jin kalangu a bakin zaure. Kada ka tsayar min da shi."

Na ce, "Ba zan tsayar da shi ba, Inna. Aikina ke nan."

Ta ce, "Ka faɗa da bakinka."

Madam ta ce za a aiko mota ranar buɗewa. Inna Biba ta ce kada a wahalar da mota, ita ba ta zuwa kallon kayan gidanta a cikin kwalba.

Ban taɓa ɗaukar lokaci a kan riga ɗaya kamar wannan ba. Na yi kafaɗun a miƙe, ta hagu har na ɗan ɗaga ta sama da ta dama. Duman na kafa shi tsaye cak, na sa masa hula. Hannun hagu na kwantar da shi a jikin haƙarƙari, na ɗaure wuyan hannun da ƙugu da siririyar waya ta ƙarƙashin rigar, inda ido ba ya gani. Da na gama, ko ni da na san Nomau ina yaro ban ga Nomau ba. Riga ce mai kyau a kan ƙarfe. Aka sa ta a bitrin, wato akwatin gilashi, aka kulle, mutumin asurans ya manna hatiminsa a bakin ƙofar. Daga nan ba mai buɗewa sai yana wurin.

Yanzu bari in gaya muku yadda nunin ya kasance, don ku san inda aikinku yake ƙarewa. Kuɗin tike ya yi tsada, har mai gyaran mota zai yi tunani kafin ya kawo matarsa. Amma an yi ta yayata abin a salula, kowa yana son a ce ya je. Layi ya fita daga ƙofa ya bi bango ya sha kwana. Lokacin damina ne, rana mai nauyi, ruwa yana haɗuwa ba ya sauka. In ka shiga, an ja igiya hagu da dama kamar hanyar awaki, ba ka tsayawa ba ka komawa baya. Masu gadi suna ta ihu, "Abanse! Abanse!" wato ku yi gaba. Bayanin kowace riga an rubuta shi da Faransanci, ƙanana ƙanana, a ƙasa inda ƙafafun mutane suka rufe. Kafin ka daidaita idonka an tura ka, sai ka ga kanka a ɗakin ƙarshe inda ake sayar da jakunkuna da kofuna masu hoton rigunan da ba ka gani ba. Ina tsaye a bakin fita na ji wani malamin lekol daga Maraɗi yana ce wa abokinsa, "Wallahi kuɗina na biya na kalli ƙeyar mutane. Ƙeya kuwa da ita na zo daga gida." Abokin ya ce, "Ni na ga hula ɗaya, ban sani ba ko ta nuni ce ko ta wanda ke gabana."

Aikina a lokacin shi ne in zaga kowace safiya kafin a buɗe, in duba ko wani abu ya zame, in goge gilashi. Kuran, wato wutar lantarki, yana yawan ɗaukewa, na'urar sanyi ta tsaya, numfashin jama'a ya cika zauren har gilashin yana gumi ta ciki. Wata safiya ina goge bitrin ɗin mai kalangu, na ga kafaɗar hagu ta daidaita da ta dama. Ni kuwa na san na ɗaga ta. Na ce ko idona ne. Na je na dawo na sake dubawa. Bayan ƴan kwanaki ta sauka ƙasa da ta dama, hular kuma ta ɗan leƙa hagu.

Wannan na gane shi. Rigar bugu in ta sha laima tana saki, ta koma tsohuwar kwanciyarta, kuma tana da nauyi, za ta iya jan auduga. Na gaya wa kaina haka, na gaya wa Madam haka. Abin da ban gane ba shi ne hannun. Laima tana saukar da abu, ba ta ɗaga shi. Amma gwiwar hannun hagu ta fara barin haƙarƙari. Da farko yatsa ne zai shiga tsakani. Daga baya tafin hannu.

Na dami Madam Rakiya har ta kira mutumin asurans. Ya zo yana duba agogo, ya yanke hatimi, na shiga da hannuna ƙarƙashin rigar. Wayar da na ɗaure wuyan hannun da ita ba ta tsinke ba. A warware na same ta, tana lilo a ƙugu. Ni kuwa ɗaurina ba ya warwarewa, ku tambayi duk wanda ya taɓa kwance aikina. Na mayar da hannun, na ɗaure da waya riɓi biyu, na murɗe da pensi, na ƙara auduga a kafaɗa, na miƙe duman. Aka kulle, aka manna sabon hatimi.

Mako bai cika ba ya koma. Wannan karon har ya fi. Kafaɗa a ƙasa, kai a karkace, gwiwar hannu a buɗe, kuma faɗin wurin da ya buɗe daidai na kalangu ne, ba ƙari ba ragi. Da rana tsaka, fitila a kunne, mutane cike, abu yana tsaye kamar yanzu zai buga.

Wani tsohon mahauci ne ya fara faɗar abin a fili. Jikokinsa suka kawo shi, yana cikin layi ana tura shi, sai ya riƙe igiya da hannu biyu ya ƙi motsi. Ya ɗaga murya, "Nomau! Kai, Nomau! Ashe nan ka ɓuya?" Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Masu salula suka ɗauki hotonsa da na rigar. Kashegari layin ya ninka. Ba wanda yake tambayar sauran riguna, kowa "mai kalangu" yake nema. Gaban bitrin ɗin ya zama kamar bakin pampo ranar da ruwa ya dawo.

Na koma wurin Madam. Na ce a ba ni izini in sauke rigar gaba ɗaya, in shimfiɗa ta a kwance a cikin gilashin.

Ta ce, "Baba, na san abin da ka yi wa tsohuwar alkawari, ina wurin. Amma asurans sun ce ba za su sake buɗewa ba sai ranar kwashewa. Kuma in na sauke shi yanzu, mutanen da ke waje za su fasa mini ƙofa. Kai ka yi shi haka?"

Na ce, "Ba ni ba ne."

Ta ce, "Ni ma ba na bi ta gabansa in ba kowa."

Ban ga wata hanya ba sai in je in faɗa wa Inna Biba da bakina kafin ta ji a bakin wani. Na tarar da Inna Biba tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, na fara kame-kame.

Ta ce, "Na ji. Matan unguwa sun nuna min a salula."

Na ce, "Inna, wallahi ban tsayar da shi ba. Na ɗaure hannun, na sake ɗaurewa."

Ta ce, "Shi wannan ana ɗaure mai hannu? Uwarsa ma ta gwada." Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ce, "Tunda ya tashi, ba a barin mutum tsaye ba a gaishe shi ba. Jibi ina zuwa."

Na ce zan shigar da ita ta ƙofar ma'aikata da sassafe, kafin jama'a. Ta ajiye farantin.

Ta ce, "Ni in shiga wurin maigidana ta ƙofar baya? Ɓarauniya ce ni? Ta inda kowa ka shiga ta nan zan shiga."

Haka aka yi. Ta zo da hantsi cikin zanenta na fita, ta kwance bakin gyale ta biya tike da kanta, ta ƙi karɓar nawa. Ta shiga layi. Na bar aikina na tsaya a bayanta ina kare ta da jikina. Rana ta take, gajimare ya taru ya watse, layi yana jan ciki. Ban ji ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Da muka shiga zauren kuran ya ɗauke, sai hasken tagogin sama. Ita gajeriya ce, ba abin da take gani sai bayan rigunan mutane. Tana ta tambayata, "Mun kai? Mun kai?"

Da muka kai, na buɗa mata wuri da kafaɗa. Ta ɗaga kai. Ta daɗe ba ta ƙifta ba. Sannan ta gyara gyalenta, ta sauka a kan gwiwoyinta a gaban gilashin, yadda matan dā suke yi, ta ce, "Maigida, ina wuni. Ina gaj..."

"Abanse! Abanse, tsohuwa, ba a zama nan!"

Mai gadin bai san ta ba, aikinsa yake yi. Na ɗaga hannu in yi masa bayani, amma na baya sun riga sun danno. Wata mata ta yi tuntuɓe da ƙafar Inna, wani ya ɗaga salula ta saman kanta. Da ban ciccibe ta ba da an taka ta. Taron ya kwashe mu kamar ruwa, muka wuce sauran rigunan, muka wuce ɗakin kofuna, sai ga mu a waje cikin rana. Takalminta ɗaya ya ɓace a ciki.

Na zaunar da ita a inuwar bango na sayo mata ruwa. Ina jira ta zage ni a kan alkawari. Ba shi ta ɗauko ba.

Ta ce, "Wanga wane irin wuri ne? Ka biya kuɗi, ka sha rana, a hana ka gama gaisuwa?" Ta kurɓi ruwan. "Ranar da ya fita ma hakanan aka yi. Ina bakin pampo da tulu, ya wuce da gangarsa, na ce mai ina zuwa. Sai kawo shi aka yi, ba rai. Yau ma ban gama ba."

Na ce ta sake dawowa, ni zan tsaya da mai gadin.

Ta ce, "In sake durƙusawa a taka ni gaban maigidana? A'a. Amma ka ji, ɗan Hajo. In ka naɗe rigar nan ka kawo min ban gama ba, ba ni karɓa. Ka kai ta gidanku, kai ka ji kalangu."

Sauran kwanakin nunin ban yi barcin kirki ba, amma wannan ba abin da za ku koya ba ne. Abin da za ku koya shi ne kwashewa. Ranar kwashe nuni ta fi ranar buɗewa haɗari ga kaya, don kowa ya gaji kuma kowa yana sauri. Masu zauren sun riga sun ba da shi haya ga masu biki, sun ce kafin magariba a share. Tun safe kafintoci suna ɓamɓare katako, mutumin asurans yana bi yana yanke hatimi. Ni nake tsara wace riga za a fara saukewa. Na fara daga bakin ƙofa, na bi a hankali, kowace riga na zare auduga, na goge, na naɗe da akoko. Ta mai kalangu na sa a ƙarshe. Mutumin asurans ya ce ita ce mafi tsada, a fara da ita. Na ce sandar ɗurina ba ta kai wurin ba tukuna. Madam Rakiya ta kalle ni, ta ce masa ya bar ni da tsarina. Sannan ta ba direbanta makulli ta ce ya tafi Boukoki.

Bayan la'asar Inna Biba ta shigo, ta babbar ƙofa, ba layi ba tike. Zauren ya zama fanko, sai kwalaye da igiyoyi a ƙasa. An cire gilashin, rigar tana tsaye a fili, rana ta tagar sama tana kan kafaɗar. Na shimfiɗa mata akoko. Ta durƙusa.

Ta ce, "Maigida, ina wuni."

Ta yi shiru daidai tsawon amsa.

"Ina gajiya."

Ta sake yin shiru.

"Ya tsayuwa? Sannu. Sun tara maka jama'a, kai da kake so."

Kafintan da ke kusa ya sauke gudumarsa. Na can nesa ma suka daina. Ba wanda ya ce su daina. Ita kuwa ta ci gaba a hankali, tana bari tsakanin magana da magana. Ta gaya masa wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Ta ce katangar bayan gida ta faɗi an gyara. Ta ce ɓera ya ci fatar kalangun, ta ba wani ɗan ƙanensa kwangon, kada ya yi faɗa. A wani wuri ta yi ƴar dariya ta ce, "To, ai na sani," kamar an tsokane ta. Ni ina tsaye da sandar ɗuri, idona a kan hannun hagun. Ba zan ce muku ya motsa ba. Ba zan kuma ce na kalli wani wuri ba.

Da ta gama ta ce, "Ranar nan na ce ina zuwa. To ga ni na zo. Sai ka huta." Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta juyo gare ni. "Ɗan Hajo, kwantar da shi."

Na kai hannu, ta ce in dakata. Ita ta fara zura hannunta ta wuyan rigar, ta zaro audugar kafaɗar hagu, ta sa a bakin gyalenta ta ƙulle. Sannan na yi sauran. Na ɗaga rigar ta sama, muka naɗe ta tare, ta karɓa da hannu biyu.

Da rigar ta fita na ga ƙashin. Siririyar wayar nan riɓi biyu tana lilo a ƙugu. Ita kuwa mai kaurin, wadda na ce muku sai da pensi da gwiwa, ta lanƙwashe a gwiwar hannu sumul, babu tabon pensi ko ɗaya. Mutumin asurans ya duba ya ce zafi ne. Wataƙila zafi ne. Ban yi musu da shi ba.

Inna Biba ta kai bakin ƙofa ta waiwayo, ta nuna ƙarfen da haɓa. Ta ce, "Wancan kuma kada ka sa mai rigar wani."

Ban sa ba. Ban miƙe shi ba, ban kuma sayar wa masu tsohon ƙarfe ba. Shi ne wanda yake tsaye a kusurwar shagon nan, bayan buhunan auduga, wanda kuke cewa na lalata na ƙi jefarwa. Jiya da za mu tashi na tarar ɗayanku ya rataya jakarsa a kafaɗar hagun, ta sauko ta zauna a ƙarƙashin hammata, daidai wurin kalangu. Ban san ko ta wane ne ba, kuma ban taɓa ta ba. Ina so mai ita ya zo da safe ya sauke da kansa, kuma ya yi sallama kafin ya kai hannu.